Batirin Bebiya da Mai Rawa Cikin Gulbi

Ranar Lahadi da azahar anka mare ni gaban mutanen unguwarmu kaf, har da ƴan matan da nike yi ma ƙaryar ni injiniya ne. Kunnen nan na hagu har yau in shi ga dama sai shi yi min kiɗa. To ku gyara zama.

Sunana Ango. Ban taɓa aure ba, kar ku fara. Kakata Mariyatu ce tal liƙa min shi ran suna, wai ta samu sabon miji. Aikina tuƙin Bebiya.

Bebiya moto ce mai ƙafa uku, ta ɗaukar kaya, sai dai ba ta shan isansi, man moto ke nan. Hulda ɗiyar Malam Bitrus, wadda ka gyaran panon hasken rana a asibitin mishan, ita tag gina mata batir. Shekara biyu tana yawon bola da shagunan Madawa tana tsintar matattun batiran odinata, wato kwamfuta, da na fitilu, ta fasa, ta gwada ƴan pil, ƙananan batiran ciki, ɗai-ɗai, ta ware masu sauran rai. Ɗari huɗu da ɗoriya taj jera cikin akwatin katako mai nauyin ɗan maraƙi. Rana ka cika shi, kyauta. In Bebiya na tafiya ba ka jin komi sai taya bisa ƙasa, shi yas sa yara sunka ba ta sunan. Talata mai zuwa za ta kai buhu huɗu na albasa Madawa ta dawo, gaban ƙungiyar manoma. In ta yi, za a ce Hulda ta gina goma.

Ran Lahadin, Hulda tat tafi coci tab bar min makullin atalye, shagon aikinta. Da tad dawo, ƙofa buɗe, Bebiya tsaye, cikinta wayam. Ba a yanke waya ko guda ba. Kwance su anka yi, har anka maida kowane noti bisa kusarshi.

Ni ko na iso ina sakace, da mai a baki.

"Ango, ina batir?" in ji Hulda. Ba ta ɗaga murya ba. Gara da ta ɗaga.

Kan in haɗiye yawu unguwa ta cika ƙofar. Wani na cewa kwado ba a fasa ba. Wata na cewa dama yaron ga idonshi ya cika rawa. Sai ga Baba Yaƙubu mai cajin batir, shekara talatin da shagonshi bakin tasha, ya ratso mutane shina ɗingishi, da safa a ƙafa cikin zafin bazarar nan. Nic ce cikin raina sanyin ƙashi ya kama tsoho. Ban gama tausaya mishi ba nij ji hannunshi tas bisa kunnena!

"Ɓarawo!" yac ce. "Makulli na hannunka, wa za shi kwance waya haka in ba wanda yas san ta ba? A kira jandarma!"

Mai gari Ali yad dube ni, yad dubi rana. "In tag gangara bayan dutsi ba batir, Ango, birgadin jandarma na Madawa za ka kwana."

Nid dafe kunne nir rantse cikin zuciyata: ko wane ne yaj ja min wanga mari, sai garin ga ya kalle shi yadda yak kalle ni. Da ƙari.

*

"Ku ɗage min ƙafafunku, jakkai! Kun zo kallo kun tattake min takarda."

Kaka Mariyatu ke nan, da sandarta da goro a kunci. Ubanta shi ka bin sawun raƙuman Abzinawa zamanin da kakanninmu ba su da bakin musu, bai samu ɗa namiji ba, yak koya mata. Daga Urno har Tabotaki, in akuya ta ɓata, ita a ka ɗauko bisa moto.

"Jikanta ne," in ji Baba Yaƙubu. "Rufe mishi za ta yi."

"In shi ne, Yaƙuba, ni ka ɗaure shi da ɗankwalina," tac ce. Taj ja ni gefe da kunnen da anka mara. "Angona, ina kat tafi?"

"Amarya, ban ɗaga ba ko..."

Tam murɗa.

"Wajen Lantana mai waina! Minti goma!"

"Na Lantana minti goma, awa nawa ke nan na mutane?"

"Ɗaya da rabi."

"Kwadon fa?"

Nis sunkuyar da kai. "Rataya shi niy yi. Ban danna ba."

"Miji dai na yi asara," tac ce. Tad duƙa bayan atalye, inda ƴan kallo ba su kai ba, tad daɗe tana duban ƙasa awa mai neman allura. "Ga shi. Takalmin taya. Ya shigo da sauƙi, ya fita da nauyi, dunduniya na nutsewa."

"Kaka, rabin Adar takalmin taya ka sa. Ni ma ga nawa."

"Na gani. Naka na jan ƙasa, don rago ne kai. Taho."

*

Sawun yab bi bayan katanga yaf fito daidai teburin Mahfuzu mai isansi. Zuciyata tay yi fari. Mahfuzu shi yar rantse gaban ƴan kabu-kabu cewa in Bebiya ta kai Madawa zai shanye lita guda da bakinshi.

"Alhaji mai rijiya a kwalba!" nic ce. "Ina ka kai shi? Faɗi tun ban karanta ma tarihin kakanka ba."

"Kai, mai kunne ɗaya, matsa min daga inuwa."

Kaka ba ta dube shi ba, ƙafarshi take kallo. "Mahfuzu, da rana tsaka kana nan?"

"Inna, ina za ni? In na ɗaga, rana ta bugi kwalabe, ko yara su yi min wasa da ashana."

"Wa yaw wuce ta bayanka da kaya?"

"Ni gudro nike kallo, babbar hanya, can masu saye suke. Bayana sai Allah." Yat tofar da goro. "Amma na ji amalanken Yunana. Jakin nan nashi ko kurma ya san kukanshi. Kuma ku tambaye shi mi yah hana shi zama coci har a tashi."

Nic ce a kwance teburin a duba. Kaka tan nuna min ƙasan kujerarshi da sanda: tofin goro zagaye, ɓawon gyaɗa, da ramin da duga-duganshi sunka haƙa tun safe. Silifa ce ta roba a ƙafarshi.

"Wanga ko gobara ba ta tada shi ba," tac ce.

Raina ya ɓaci. Na riga na shirya mishi zagi goma sha biyu.

*

Yunana munka iske ƙarƙashin bagaruwa shina cire ma jaki ƙaya. Shi ka kai albasar mutane tasha, kuma kowa ya san in Bebiya ta haihu goma, jakinshi ya yi ritaya.

"Fasto na tsakiyar wa'azi kaf fita," nic ce. "Ko Ruhu ne yac ce ka je ka ɗauko akwati?"

"Ango, bakinka zai kashe ka wata rana."

"Yau ma ya kusa. Amsa min."

Yad dubi Kaka da kunya. "Inna, zawo ne. Tani matata ta yi miyar jiya da ta kwana. Na fita sau uku, na ukun nic ce gara in tafi gida gaba ɗai. Nab biya da amalanke ta bayan Mahfuzu don ta fi kusa."

"Sannu," in ji Kaka. Taz zagaya amalanken, tak koma tad dubi layin tayoyinshi a hanya. "Wofi yaw wuce. Kuma tayarshi ta hau bisa sawun ɓarawo, ba sawun ne yah hau taya ba. Ɓarawo ya riga shi."

"To ko sun haɗa baki?" nic ce.

"Kai da wa kunka haɗa baki kab bar ƙofa buɗe?"

Nid dubi sama. Rana ta fara karkata. Nij ji warin birgadin Madawa cikin hancina, ni da ban taɓa shiga ba.

*

Bayan gari akwai busasshen gulbi, rairayi fari tas, daga can sai fako da duwatsu har garakan albasa. Sawun yag gangara ciki. Ko da takalmi, zafi na cizo ta ƙasa.

Taki hamsin, Kaka tat tsaya cak.

"Angona, karanta min."

Nid duba. Takalma biyu ajiye gefe da gefe, sun nutse cikin rairayi fiye da ko'ina, da wani layi miƙaƙƙe ya ratsa su. Kewaye da su kuwa sawun ƙafa tsirara, birjik, nan yatsu, can dunduniya, an juya gabas an juya yamma.

"Ɓarawon ya yi rawa," nic ce. "Murna ta kama shi. Ɗan banza har da juyi!"

"Da rana tsaka? Cire takalminka ka taka."

Nic cire. Wallai ban kai ƙirga uku ba nif fara tsalle ina kiran sunan uwata. Kaka tay yi dariya har goro yaf faɗo.

"Ka ga rawar. To ina sawun akwatin? Mutum ya gaji ya sauke kaya, ina inda kayan yat taɓa ƙasa?"

Babu. Munka ci gaba. Taki saba'in, ga shi kuma: takalma biyu a jere, ƙafa tsirara na rawa, akwati ko alama. Can bakin fako na uku, har da ɗan ɗigon ruwa-ruwa da ya bushe cikin sawun tafin dama. Daga nan dutse yah haɗiye komi. Garaka sun fi arba'in, kowace da rudun ajiyar albasa. Ko mun raba gari biyu ba mu gama su kan faɗuwar rana.

"Shi ke nan, na mutu," nic ce. "Amarya, ki riƙa kawo min fura birgadi."

"Wa ka cire takalmi shi ba akwati, shi shi tsaya cikin wuta?" tac ce, ba da ni take ba. Tas sake jefa goro. "Je ka ce ma mai gari shi tara min su. Kuma shi ba ni aron batirin lasifikar fada."

*

Bayan la'asar kowa na ƙofar mai gari. Mahfuzu ya zo da kwalabenshi cikin kwali, don bai yarda da kowa ba. Yunana na zaune kusa da hanyar bayan gida. Hulda na tsaye da Malam Bitrus, idonta ja. Baba Yaƙubu ya samu kujera gaba-gaba, ya miƙe ƙafafu, shina faɗa ma na kusa da shi cewa tun ina yaro yas san ƙarshena ke nan.

Anka fito da batirin lasifika, tsohon batirin babbar motar kamyo, baƙi, mai nauyin tsiya. Jiya-jiya Baba Yaƙubu yac cika shi.

"Ɓarawo ya ɗauki kaya mai nauyi," in ji Kaka. "Ina son in ga tafiyar kowa da kaya. Daga bakin zaure zuwa gindin darbejiya. Mahfuzu, fara."

Mahfuzu yak kinkima shina nishi, yak kai, yad dangwarar bisa tabarmar dogari. Kaka tad dubi sawun, tag girgiza kai. Yunana yad dawo da shi, yas sauke bisa dakali, yar riƙe ciki. Tas sake girgiza kai.

"Saura angona. Kai, kai shi tsakar fili, inda kowa ka gani."

Nid ɗauka. Na ji mutane na cewa yau dai za a gani. Nik kai tsakiya, daidai gaban kujerar Baba Yaƙubu, hannuna ya gaji, nis sake shi tim bisa turɓaya.

"Kai, jahili!" Baba Yaƙubu yaz zabura. "Wa yac ce ma ana aje batir a ƙasa? Ƙasa ta shanye wutar da nik kwana biyu ina ɗurawa? Ɗaga! Ɗaga nic ce!"

Nid ɗaga don tsoron mari na biyu. Kan in ƙifta ido ya zare takalmanshi da yatsun ƙafa, ya tura su ƙarƙashi, gefe da gefe, tsaf.

"To, sauke. Yaran zamani, ba ku san darajar komi ba."

Nis sauke. Batir yaz zauna bisa takalma biyu. Nid dube su. Nid dubi Kaka. Kunnena yab bar kiɗa.

"Mahfuzu bai damu ba, Yunana bai damu ba, wanga sakaran ma bai damu ba," in ji Kaka a hankali. "Mutum ɗai ne a garin ga ka iya tsayawa ba takalmi cikin gulbi da rana tsaka, har sau uku, don kar batir shi taɓa ƙasa. Yaƙuba, cire safa."

"Sanyin ƙashi gare ni."

"A watan ga? Cire, ko in sa jikana shi cire ma."

Ni ko har na durƙusa, ina addu'ar shi ƙi. Mai gari yay yi ma dogari ido. Da safar tas sauka, mata sunka yi salati, na coci sunka kira Yesu. Tafin ƙafa dut ya yi bororo, na dama ya fashe, ya liƙe da zare.

Hulda ce tat taka har gabanshi.

"Baba, nawa ba shi jin ƙasa," tac ce. "Akwatin katako ne. Ko cikin rairayi ka binne shi ba abin da ka fita." Tad dube shi ido cikin ido. "Kai kak koya min riƙon pensar kwance waya ina ƴar makarantar lakwal. Mi niy yi ma?"

"Mi kiy yi min?" Yaƙubu yaɗ ɗago. "Ran da kin nuna motar ga, gaban baƙi, kic ce ruwan tsohon batir da dalmarshi na kashe ƙasa. Kowa yaj juya yad dubi bayan shagona, inda ciyawa ba ta fita. Sannan wanga," yan nuna ni, "yak karɓi lasifika, lasifikar da batirina ka ba wuta, yac ce a tafa ma Baba Mai Guba. Wata huɗu ke nan. Jikokina ma haka a ka kiransu a lakwal, jikokin Mai Guba. Nic ce Talata ta zo ta wuce ba mota, shi ko shi ɗanɗani kallon mutane."

To, gaskiya na faɗi hakan. Kuma an yi dariya sosai ran nan. Amma ni ban mari kowa ba.

*

Cikin rudunshi na albasa munka iske shi, bisa katako, an lulluɓe shi da rigar sallar Baba Yaƙubu don ƙura. Hulda tas sa abin awo: cike, ko ɗigo bai ragu ba. Minti ashirin ta maida ma Bebiya zuciyarta.

Mai gari yat tambaye ta ko a kira birgadi. Tac ce a'a, kayanta sun dawo, tsohon malaminta ne.

"A'a?" nic ce. "Ni fa? Kunnena fa? Ranka shi daɗe, ko mari guda a ba ni in rama, ƙarami, na yara!"

"Ka mari sa'an ubanka a ƙofata?" in ji mai gari.

Na kusa kuka don haushi. Sai Kaka tam matso, tana gyara ɗankwali, tac ce da ƙarfi: "Ƙafar ga in ba a kai ta asibiti yau ba, ruɓewa za ta yi. Ba shi iya tafiya, ba shi iya hawan moto. Wa ka da abin ɗaukar kaya?"

Tak kanne min ido guda. Allah shi bar min tsohuwar ga.

Munka shimfiɗa buhu bayan Bebiya, munka ɗora Baba Yaƙubu, ƙafafu a sama bisa kwali. Daga fada zuwa asibiti akwai hanyar bayan gari, minti biyar. Ni ta tasha nib bi. Yammacin Lahadi, ana lodin albasa, kamyo bakwai, ƴan dako, ƴan kabu-kabu, masu waina, da ƴan matan nan da sunka ga an mare ni. Labari ya riga mu isa.

Da moto ce mai isansi, da ƙarar inji ta rufa mishi asiri. Bebiya ko, baiwar Allah, ba ta cewa uffan. Nis sa ta tafiyar da ko kaza na wuce mu. Kowace kalma tas shigo tar.

"Shi ne? Tsoho da furfura!"

"Wai rawa yay yi cikin gulbi."

"Kuma shi yam mari yaron!"

"Baba, a taka muna kaɗan mana!"

Lantana tam miƙo min waina biyu ina tafe, ban ko tsaya ba nik karɓa. Mahfuzu na bin mu a ƙasa da kwalinshi, nit tuna mishi litar da za shi sha ran Talata.

"Ango," in ji Baba Yaƙubu daga baya, murya ƙasa-ƙasa. "Ƙara wuta, don Allah."

"Ina tattalin batir, Baba. Kai kas san darajarshi."

Munka ɗan taɓa gaba.

"Abin ga ba shi yin ƙara ko kaɗan?"

"Ko kaɗan. Haka Hulda tag gina shi."

Da munka kai ƙarshen tasha nit tuna ban gaida mai shayi ba, nij juyo munka sake bi.

Rana na taɓa dutsi munka isa ƙofar asibiti. Ma'aikata biyu sunka fito, sunka kama shi hannu da ƙafa za su sauke. Nid dira da gudu, niz zare takalmana, nij jera mishi su gefe da gefe a ƙasa.

"Tsaya, tsaya!" nic ce. "Bisa nan za ku aje shi. Shekara talatin a ka cajin tsohon ga, kar ƙasa ta shanye."